KUƊIN RAYA FASAHA DA AL'ADU: ABIN DA YA KAMATA MATASA DA IYAYENSU SU SANI

Gabatarwa

Nijeriya ƙasa ce mai harsuna fiye da 500, kuma kusan kowane harshe yana da nasa kiɗa da waƙa da tatsuniya da sana'ar hannu. Har ila yau ƙasa ce ta yara da samari, gama fiye da rabin jama'arta ba su kai shekara 20 da haihuwa ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka sa maganar kuɗin da ake kashewa wajen raya fasaha ta zama magana mai nauyi. Abin da ake nufi da fasaha a cikin wannan ɗan littafi shi ne rubutun littattafai, da waƙa, da kiɗa, da wasan kwaikwayo, da shirya fim, da zane, da sassaƙa, da ginin tukwane, da saƙa, da rini, da dukanci, da ɗinki, da sauran ayyukan da mutum yake ƙago su da hikimarsa.

Sashe na 21 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma nauyin kare al'adun ƙasar nan da adana su da ɗaukaka su. Amma doka ba ta sayen takarda ko tawada, ba ta kuma biyan malamin da zai koya wa yaro sana'a. Kuɗi ke yin wannan. Tarihin ƙasar nan kuwa ya nuna cewa kuɗin da ya fi yin albarka shi ne wanda ya isa hannun mai koyo da mai yin aikin, aka kuma ci gaba da ba da shi shekara da shekaru, ko da bai taka kara ya karya ba.

Wa ke ɗaukar nauyin mai fasaha?

A zamanin da, ba a rasa masu ɗaukar nauyin fasaha ba. Sarakunan ƙasar Hausa suna da makaɗan fada da masu busa kakaki da algaita, suna ci da su, suna tufatar da su, har su ba su gida da doki. Sarkin Bini yana da ƙungiyar maƙeran tagulla da ke yi masa aiki, kuma zuriyarsu suna nan a unguwar Igun har yau. A ƙasar Yarbawa akwai gidajen da suka gaji kiɗan kalangu, ɗa ya karɓa daga uba. Marinan Ƙofar Mata a Kano da masaƙan Akwete a ƙasar Ibo kasuwa ce ta riƙe su, domin jama'a ba su da wani tufafin da ya wuce nasu.

Zamani ya sauya wannan tsari. Kayan masana'antu masu araha sun shigo kasuwa, aljihun fada ya ragu, yara sun tafi makarantar boko, kuma kayan aikin fasahar zamani, irin su na'urar ɗaukar hoto da ta naɗar murya da injin ɗab'i, sun fi ƙarfin talaka. Yaro mai baiwa wanda bai sami mai riƙe hannunsa ba yakan bar abin da ya iya, ya koma neman abin da zai ci a ranar. In haka ta faru ƙasa ta yi hasara biyu: ta rasa sana'ar da za ta ci da wannan yaro, ta kuma rasa abin da zai bar wa na baya.

Ƙaramin kuɗi, babban amfani

Cikin 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin lura a nan shi ne shekarun marubutan. Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa bai wuce 21 ba. Abin da hukuma ta kashe bai wuce ladan gasa da kuɗin ɗab'i ba, amma ga shi bayan shekara 90 ana karanta littattafan nan a makarantu. Imam ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939.

Haka kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe wurin koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, ta sa Michael Cardew ya shugabance shi. Cikin 1954 Ladi Kwali ta shiga wurin, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta riga ta iya ginin tulu irin na Gwarawa tun tana yarinya. Abin da wurin ya ƙara mata shi ne kayan aiki, da murhu mai zafi ƙwarai, da hanyar kai kayanta kasuwannin duniya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, kuma hotonta ne ke bayan takardar Naira 20.

A Oshogbo, cikin 1962, Duro Ladipo ya buɗe wani ɗan kulob na masu fasaha mai suna Mbari Mbayo a gidansu. Cikin 1964 aka yi wani ɗan gajeren horo na zane a can, aka ba samarin gari fenti da takarda. Daga cikinsu aka sami Twins Seven Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda zane-zanensu suka shiga gidajen nune-nune na ƙasashen waje.

Gwamnatin Tarayya ma ta bi wannan hanya. Sashenta na Al'adu ya sa gasar rubutu da harsunan gida, kuma cikin 1982 aka buga littattafan Hausa da suka yi nasara, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. A dukan misalan nan abu uku ne suka haɗu: matashi mai baiwa, da wanda ya biya kuɗin horo ko na ɗab'i, da hanyar isar da aikin ga jama'a.

Bayan yaƙin basasa

Da yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970, sai hukuma ta ga cewa ɗinke ɓarakar ƙasa yana bukatar jama'a su san juna. A wannan shekara aka fara Bikin Fasaha da Al'adu na Ƙasa, inda kowace jiha take kawo 'yan rawarta da makaɗanta da masu sana'arta. Cikin 1975 aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa don ta kula da shi, kuma jihohi suna karɓar baƙuncinsa bi da bi. Saurayin da ya taso a Argungu bai taɓa ganin dodon Ijele na Anambra ba, ko wasan 'yan tsana na Kwagh-hir na Tibi, a irin wannan taro yake fara ganinsu, su ma su ga dambe da kokawarsa.

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, Nijeriya ta karɓi baƙuncin Bikin Fasaha da Al'adun Baƙar Fata na Duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC. Wajen mutum 16,000 daga ƙasashe 56 suka yi wasa a Ikko, watau Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Domin wannan biki aka gina Babban Gidan Wasanni na Ƙasa a Iganmu, aka gama shi cikin 1976. A wannan shekara ce kuma Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar fim da kuɗin hukuma.

Bikin ya ɗaukaka sunan ƙasa, amma abin da ya biyo baya ya zama darasi. Da kuɗin mai ya ja baya, sai gidan wasannin ya shiga lalacewa saboda rashin kuɗin gyara na yau da kullum. Sai cikin 2020 aka miƙa shi ga Babban Bankin Nijeriya da Kwamitin Shugabannin Bankuna suka gyara shi. Cikin 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka, aka sake buɗe shi a watan Oktoba na 2025. Shi ma fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace wa jama'a shekaru da yawa, sai cikin 2016 aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya na Hukumar Fina-finai a Ikko, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin cikin 2018. Gini da biki suna da amfaninsu, amma duk wanda zai gina gidan wasa lalle ne ya tanadi kuɗin rufinsa da wutarsa da albashin masu wasa a cikinsa.

Me ya sa ake kula da bambancin al'adu?

Kasuwa ba ta da tausayi. Mai buga littafi da mai shirya fim inda masu saye suka fi yawa suke nufa, watau Turanci da manyan harsuna uku. Harshen da masu jin sa ba su wuce dubu ashirin ba, ba wanda zai buga masa littafi don riba. In ba a rubuta da shi ba, ba a yi waƙa da shi a rediyo ba, yaransa sukan ga kamar ba shi da daraja, su bar shi. Hakan ta taɓa faruwa: harshen Ajawa na ƙasar Bauci ya mutu a farkon rabin ƙarni na 20, masu shi suka koma Hausa. Ya kamata masu jin Hausa su lura da wannan, domin yawancin ƙananan harsunan Bauci da Filato da Kaduna da Adamawa da Taraba maƙwabtan Hausa ne, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da taimaka musu su riƙe nasu.

A nan ne kuɗin hukuma yake yin abin da kasuwa ba za ta yi ba. Cikin 2005 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar kare bambancin al'adu, wadda ta tabbatar wa kowace ƙasa ikon tallafa wa masu fasaharta, kuma Nijeriya ta shiga cikinta a 2008. Wannan hukuma ta sa al'adun Nijeriya da dama cikin jerin gadon 'yan Adam: Ijele a 2009, bikin kamun kifi na Argungu a 2016, Kwagh-hir a 2019, bikin Sango na Oyo a 2023, da hawan sallar Kano a 2024. Shiga wannan jeri girma ne, amma abin da zai raya al'adar shi ne a sami yaran da za su koyi ɗinkin sirdi da sassaƙar 'yan tsana da saƙar homa, su kuma ci abinci da su.

Hanyoyin kuɗi na zamanin nan

Cikin 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Al'adu ta Ƙasa, a 1991 kuma aka yi dokar kafa Asusun Tallafa wa Fasaha na Ƙasa. Masu fasaha sun shafe shekaru suna kukan cewa asusun bai tashi daga takarda ba. Ana cikin haka matasa suka buɗe wa kansu hanya. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano cikin 1990, a 1992 kuma Living in Bondage ya fito da harshen Ibo a Ikko. Da aka sake lissafin arzikin ƙasa cikin 2014, sai aka tarar fim da kiɗa suna kawo wajen kashi 1.4 cikin 100 na dukan abin da ƙasa take samarwa. Daga nan hukuma da bankuna suka fahimci cewa fasaha sana'a ce mai ɗaukar ma'aikata.

Cikin 2010 aka ba da sanarwar rancen dala miliyan 200 ga masana'antar nishaɗi. Cikin 2013 aka ware Naira biliyan 3 a matsayin tallafi don horar da 'yan fim da shirya fina-finai da rarraba su. Cikin 2019 Babban Banki da Kwamitin Shugabannin Bankuna suka fito da shirin rance ga masu ɗinki da kiɗa da fim da aikin kwamfuta, kan ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba a shekara. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na dala miliyan 617 da 'yan kai, domin matasa 'yan shekara 15 zuwa 35, da gudummawar Bankin Raya Afirka da Hukumar Raya Ƙasashe ta Faransa da Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe, aka danƙa gudanar da shi ga Bankin Masana'antu. A cikin wannan shekara ce kuma aka ba fasaha da al'adu ma'aikatar tarayya tasu ta kansu.

Shirye-shiryen nan sun gamu da matsaloli da ya kamata a faɗa. Na farko, banki yana neman jingina, mawaƙi ko marubuci kuwa dukiyarsa tana cikin kansa. Na biyu, waɗanda ke kusa da manyan birane, masu jin Turanci da sanin cika takardu, su suka fi amfana. Na uku, kuɗin da aka kawo ba tare da shawarar jama'a ba yana iya komawa inda ya fito. Cikin 2016 an shirya gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa ta Jihar Kano, amma aka janye shirin bayan malamai da wasu jama'a sun nuna rashin yarda. Da an fara da zama da su, aka ji damuwarsu, aka kuma bayyana musu abin da za a koyar a wurin, da wataƙila labarin ya sha bamban.

Kuɗi iri-iri ne

Wajibi ne matashi ya san irin kuɗin da yake nema kafin ya sa hannu a takarda. Tallafi kyauta ce, ba a biya, amma sai an kawo rahoton yadda aka kashe shi, kuma ba a karkatar da shi zuwa wata bukata. Rance bashi ne. Ko fim ya karɓu ko bai karɓu ba, banki zai nemi kuɗinsa. Wanda ya ɗauki rancen hukuma kamar rabon ganima, ya yi aure da shi ko ya sayi mota, ya cuci kansa, ya kuma toshe ƙofa ga na bayansa, domin da abin da aka biya ake ba wani. Zuba jari kuwa tarayya ce: mai kuɗi ya kawo kuɗinsa, ku raba riba da hasara bisa yarjejeniya. Wanda ba ya son mu'amala da ruwa yana iya neman wannan hanya, ko ya tuntuɓi bankunan da ba sa aiki da ruwa, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun 2012. Akwai kuma ladan gasa, wanda sau da yawa sunan da yake jawowa ya fi kuɗinsa amfani, kamar yadda gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ta fito da mata marubuta tun daga 2016.

Mai fara koyo horo da tallafi suka dace da shi. Rance na wanda ya riga ya sami masu saye ne, yana son ya faɗaɗa aikinsa.

Abin da matashi zai tanada

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba wanda zai ba da kuɗi kan baki kawai, saboda haka abu na farko shi ne samfurin aiki: babi biyu na littafi, ko waƙar da aka naɗa, ko hotunan jakunkuna da takalman da aka ɗinka. Na biyu, rajistar sunan sana'a a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da buɗe asusun banki da sunan sana'ar, dabam da na cefanen gida. Na uku, littafin shiga da fita, ko da na makaranta ne, inda za a riƙa rubuta abin da aka saya da abin da aka sayar kowace rana. Na huɗu, taƙaitaccen bayani a rubuce: me za a yi, nawa zai ci, wa zai saya, yaushe kuɗin zai dawo.

Waɗanda ba su da ƙarfin yin haka ɗai-ɗai sai su haɗu su kafa ƙungiyar gama kai. Dukawa goma ko masaƙa ashirin da ke da rajista da shugabanni da asusu ɗaya sun fi samun shiga wurin hukuma da banki a kan mutum guda. Ofishin Majalisar Fasaha da Al'adu na jiha da reshen Bankin Masana'antu su ne wuraren da ya kamata a je a tambayi shirin da ke buɗe a lokacin, gama shirye-shirye suna buɗewa suna rufewa. A yi hattara da 'yan damfara masu aiko da saƙo ta waya suna cewa a biya wani abu kafin a sa sunan mutum cikin masu samun tallafi. Duk wanda ya nemi na goro kafin ya miƙa takardar wani, a kai ƙararsa.

Haƙƙin mallaka

Duk kuɗin da aka zuba a fasaha zai zurare in ɓarayin zaune suna kwafar aikin suna sayarwa. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta kuma haɗa da satar da ake yi ta intanet. Mai littafi ko waƙa ko zane yana da haƙƙinsa tun daga lokacin da ya rubuta ko ya naɗi aikin, haƙƙin kuma yana bin magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da faifan murya kuwa shekara 50 ne. Yana da kyau a sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka don a sami shaida in rigima ta taso. Kada matashi ya sa hannu a yarjejeniyar da bai karanta ba, ko ya sayar da dukan haƙƙinsa kan kuɗin da zai ƙare cikin wata guda. Shi ma mai saye ya sani cewa duk lokacin da ya karɓi fim ko waƙar sata a wayarsa, abincin wani ya ɗauke.

Aikin kowa ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatin Tarayya tana iya kafa asusu da yin doka, amma jihohi da ƙananan hukumomi su ne kusa da maƙera da marina da 'yan wasan ƙauye. Gasar rubutu ɗaya a shekara da harsunan jiha, ko ɗakin naɗar murya a cibiyar matasa, ko ɗan alawus ga tsohon magini don ya ɗauki yara biyar ya koya musu, ba su kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Attajirai da kamfanoni suna iya ɗaukar nauyin buga littafi ko horar da 'yan mata ɗinki da zane, kamar yadda suke ɗaukar nauyin ƙwallon ƙafa. Gidajen rediyo da talabijin su ba ƙananan harsuna lokaci, su kuma biya mawaƙan da suke sa waƙoƙinsu.

Iyaye kuma su dubi baiwar 'ya'yansu da idon basira. Yaron da ke zane a bayan littafinsa, ko yarinyar da ke shirya wa ƙannenta labari, ana iya haɗa musu karatu da wannan baiwa, a kai su wurin malami nagari mai mutunci, a kuma sa ido kan tarbiyyarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matasa su tanadi aikinsu da takardunsu, su nemi abin da yake haƙƙinsu ta hanyar da ta dace, in sun ci bashi su biya. Sauran jama'a kuwa su riƙa tambayar wakilansu nawa aka ware wa fasaha da al'adu a kasafin kuɗin bana, nawa aka fitar, da kuma hannun wa ya shiga.